Tumbuɗi Ba Laifin Nonon Uwa Ba Ne

Maganar da muka ɗauko yau mun san za ta sosa ran wasu daga cikin iyayenmu, don haka muna neman afuwa tun kafin mu yi nisa. Amma dai za mu faɗa.

Akwai wata kotu da ke zama a tsakar gidajenmu duk sanda aka yi haihuwa. Ba ta kiran shaida, kuma ba a ɗaukaka ƙara a cikinta. Da zarar jariri ya sha nono ya mayar da wani a kafaɗar uwarsa sau biyu sau uku, shi ke nan an buɗe shari'a. Uwar miji ta ce nonon ya yi ruwa. Gwaggo ta ce tsami ya yi. Maƙwabciya ta ce ita ma nata haka ya yi ta yi, sai da aka sa shi a madarar gwangwani aka samu lafiya. Kafin a yi arba'in an yanke hukunci: nonon bai karɓe shi ba, a sayo madara da fida. Mai jego kuwa, wadda rabonta da barcin kirki tun daren naƙuda, sai ta sunkuyar da kai ta karɓa, don ba ta da bakin yi wa surukarta gardama.

Matsayinmu shi ne wannan hukunci zalunci ne ga uwa, kuma kasada ce da ran yaro. Tumbuɗi shi kaɗai ba dalili ba ne na raba jariri da nono. Akwai jariran da dole sai an ba su madara, za mu zo kansu. Amma wanda zai ce an kai wannan matsayi shi ne ma'aikacin lafiyar da ya duba yaron ya ɗora shi a sikeli, da shawarar uwa da uba. Ba aikin taron 'yan barka ba ne.

Mu fara da sanin mene ne tumbuɗin. Tsakanin bututun da abinci ke bi da tumbi akwai wata tsoka mai kama da zobe. Aikinta ta buɗe abinci ya wuce, sannan ta tsuke kada ya dawo. A jikin babba ta yi ƙwari. A jikin jariri ba ta gama ƙosawa ba, takan sake ba a kan kari ba. Ga shi tumbinsa ɗan mitsitsi ne, abincinsa duka ruwa ne, kuma kusan yini yake a kwance. Ƙaramin ƙoƙo ne aka cika da ruwa, murfinsa bai kama ba, aka kuma jirkita shi. In ya zuba, wa zai ce ruwan ne ba shi da kyau?

Hukumar NICE, wadda ke tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin aiki, ta fitar da jagora kan wannan a 2015. Ta ce aƙalla jarirai 4 cikin 10 suna tumbuɗi, yawanci yakan fara kafin mako 8, kuma 9 cikin 10 na masu yinsa suna dainawa kafin su cika shekara ɗaya ba tare da magani ba. Yaro ya fara zama, ya fara cin abinci mai kauri, tsokar ta yi ƙarfi, magana ta ƙare. Ita maƙwabciyar da ta ce madara ta warkar da nata, ku tambaye ta watansa nawa a lokacin. Sau da yawa lokaci ne ya yi aikinsa, gwangwani ya kwashe yabo.

Kuma ido yana ƙara wa tumbuɗi yawa. Ku ɗebi madara cokali ɗaya ku zuba a kan zani ku ga faɗin da za ta yi. Abin da ake cewa "duk ya amayar da shi" galibi bai wuce haka ba. Ma'aunin da ba ya ƙarya shi ne katin awo. In nauyin yaro yana hawa, yana jiƙa kunzugu sau shida ko fiye a yini da dare, yana kama nono da marmari, to lafiyarsa ƙalau. Matsalar ta wanki ce, sai a nemi ƙarin sabulu.

Ba muna cewa kowane amai wasa ba ne. Akwai alamomin da in an gan su, asibiti ake nufa a ranar: aman da ke fita da ƙarfi kamar an buɗe famfo, amai kore ko ɗorawa mai haɗe da kore, jini a amai ko a kashi, kumburin ciki, zazzaɓi, ƙin kama nono, yawan barci da kasala, maɗiga ta faɗa ko ta kumbura, ko nauyi ya tsaya cak ko yana raguwa. Aman da ke feshi a jaririn da ke tsakanin mako 2 zuwa 8, musamman namiji, yana iya zama mafitar tumbi ce ta tsuke, kuma wannan ƙaramar tiyata ce maganinsa. Ku lura da kyau: babu ko ɗaya a cikin waɗannan da za a zauna a gida ana gwada canjin madara a kansa. Kotun tsakar gida tana cutar da yaro ta fuska biyu. Mai lafiya ta raba shi da nono, marar lafiya kuma ta jinkirta kai shi asibiti ana jiran a ga ko madara za ta karɓe shi.

Zargin nonon uwa ba sabon abu ba ne a wurinmu. A da, a wasu garuruwa, akan tatsi nonon mai jego a ƙoƙo a jefa tururuwa a ciki. In ta fita an ce nono ya yi, in ta mutu an ce mugu ne. Akan kuma matse dakashi a zubar wai ƙazanta ne, alhali shi ne rigakafin farko da jariri ke samu. Yau mutane da yawa za su yi wa gwajin tururuwa dariya, amma tunanin bai mutu ba, riga kawai ya sake. Wadda ta ɗiga nono a farce ta ce "dubi, ruwa ne tsagwaronsa", da wadda ta jefa tururuwa, hujjarsu ɗaya ce. Nonon ɗan Adam dama haka yake, kusan kashi 87 cikin 100 nasa ruwa ne, shi ya sa jaririn da ke shan nono zalla ba ya bukatar ruwan sha ko a tsakiyar bazara. Na farkon fitowa yakan yi tsinkin ruwa, maiƙon yana ƙaruwa yayin da yaro ke ci gaba da tsotso. Wanda ya auna shi da kaurin kindirmo ya yi awo da mudun da ba nasa ba.

Ga tarkon da ba a faɗa wa mai jego. Nono yana zuwa ne gwargwadon yadda ake cire shi. In an ba yaro fida sau uku a rana, ya rage tsotso sau uku, jikin uwa sai ya ɗauka an rage bukata, ya rage samarwa. Bayan mako biyu nono ya ja baya da gaske. Sai alƙalan nan su dawo su ce, "Ba mun faɗa ba? Dama ba ta da nono." Su suka ƙafar da rijiyar, su ne kuma ke shelar babu ruwa.

To ita madarar, tana maganin tumbuɗi? Tsokar da ba ta ƙosa ba ba ta san bambancin nono da madara ba. Jariran da ke shan madara su ma suna tumbuɗi. Hasali ma madara ta fi nono daɗewa a tumbi, fida kuma tana sa a ɗura wa yaro fiye da abin da cikinsa zai ɗauka, domin babba yana son ya ga kwalba ta ƙare. Sannan akwai 'yan tsirarun jariran da amansu ya samo asali daga rashin jituwar jikinsu da furotin ɗin madarar shanu. Su akan gan su da ƙuraje da bushewar fata, ko gudawa, ko ɗigon jini a kashi. Madarar jarirai ta yau da kullum daga madarar shanu ake yin ta. Ɗauke irin wannan yaro daga nono a kai shi gwangwani, gudun gara ne a faɗa wa zago. Abin da likita kan fara yi shi ne ya ce uwa ta dakata da shan madara da fura da nono da yogot na mako 2 zuwa 4 a gani, tana ci gaba da shayarwa. Madarar akuya ma ba mafita ba ce, furotin ɗinta ɗan uwan na shanu ne.

Mu zo kan aljihu, tunda masu ba da shawarar ba su ne za su biya ba. Jaririn da ke kan madara zalla yana shan kimanin kilo 20 na garin madara a wata shida na farko. Gwangwani 50 ke nan masu giram 400. Maigida, ka je kanti ka tambayi kuɗin guda ɗaya, ka ninka sau 50, ka ajiye lissafin kusa da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Mun san abin da ke faruwa in kuɗi ya yanke a tsakiyar wata. Ana rage cokali, ana ƙara ruwa don gwangwani ya kai. Ko a koma madarar shayi ta leda, wadda ba don jarirai aka yi ta ba. Ko a huda kan fida da allura mai zafi a zuba koko. Yaron da aka raba da nono yana ɓulɓul saboda ya ɓata wa uwarsa riga, shi ne bayan wata uku ake yawo da shi ana neman maganin tamowa.

Sai ruwa. Garin madara, ko sabon buɗewa ne, yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a haɗa shi da ruwan da aka tafasa wanda zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, kuma abin da aka haɗa ya kai awa biyu a waje a zubar. A gidan da ruwan 'yan ga-ruwa ake sha, gas ya yi tsada, wutar Nepa sai an ga dama, wa zai tafasa ruwa da kwalabe sau takwas a rana, har da ƙarfe uku na dare? Fidar da ta kwana da guntun madara a cikin zafin watan Afrilu, masaukin gudawa ce. A Amurka ma, da duk tsaftarsu da firijinsu, a Fabrairun 2022 sai da aka rufe wata babbar masana'antar madarar jarirai a jihar Michigan bayan wasu jarirai sun kamu da ƙwayar Cronobacter, aka shiga ƙarancin madara na watanni, iyaye suna zagaya kantuna. Ina ga mu?

Kada kuma mu ɗauka iyayenmu mata su kaɗai ne ke wannan shari'a. Akwai masu cin riba a bayan labule. Tun 1939 likita Cicely Williams, wadda ta yi aiki a ƙasar da yanzu ake kira Ghana kuma ta bayyana wa duniyar likitoci cutar kwashiyoko, ta tsaya a Singafo ta zargi masu tallar madara da hannu a mutuwar jarirai. A 1977 aka fara ƙaurace wa kayan kamfanin Nestlé a Amurka kan yadda yake tallar madara a ƙasashe matalauta. A 1981 Majalisar Lafiya ta Duniya ta amince da ƙa'idar da ta hana tallata madarar jarirai ga jama'a da raba wa iyaye mata samfurin kyauta, ƙasashe 118 suka goyi baya, Amurka kaɗai ta ƙi. Nijeriya ta yi tata dokar a 1990, kuma NAFDAC ce ke da alhakin tsare ta. Duk da haka, rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2022, bayan bincike a ƙasashe takwas har da Nijeriya, ya nuna fiye da rabin iyayen da aka tambaya tallar madara ta iske su. Dabarar ita ce a ɗauki ɗabi'ar jariri ta yau da kullum, kuka da tashin dare da tumbuɗi, a mayar da ita cuta, sannan a nuna maka gwangwanin da aka rubuta maganinta a jiki. A ƙasar da binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 kacal na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ne ke shan nono zalla, ba ma bukatar ƙarin 'yan talla na kyauta a tsakar gida.

Haka mai kemis da zai miƙo gwangwani da kwalbar sirop biyu bai ko ga yaron ba. Waɗanda suka manta, mu tuna musu da My Pikin, maganin haƙoran da ya kashe yara 84 a ƙasar nan tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009. Cikin jariri ba wurin gwaji ba ne. Jiƙe-jiƙe da tsimi da zuma duk su dakata. Zuma ma musamman, ba a ba yaro ita kafin ya shekara.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce yara ne mu, wasunmu ko aure ba su yi ba, kuma abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Mun yarda iyayenmu sun fi mu sanin goyo da wanka da lallashi, kuma ba don su ba da masu jego da yawa sun kwanta. Amma haihuwa goma ba ta nuna wa mutum abin da ke cikin tumbin jariri. Kuma mu tuna, a shekarun da suka yi nasu renon, yara nawa aka binne da "ciwon maɗiga", alhali gudawa ce ta ƙarar musu da ruwan jiki? Girmama babba wajibi ne. Sai dai in maganarsa ta ci karo da sikeli da katin awo, ran yaro ya fi kunyar suruka.

Za a kuma ce, to matan da dole ta sa su fa? Nan ma muna da magana, kuma da wasu 'yan uwanmu masu rajin shayarwa muke. Akwai jaririn da uwarsa ta rasu wurin haihuwa. Akwai uwar da ke kwance rai a hannun Allah, da wadda ke shan maganin daji da bai halatta a shayar da shi ba. Akwai wadda aka gyara mata kamun nono, aka yi duk abin da ake yi, nauyin yaro ya ƙi hawa. Akwai ma'aikaciyar da dokar ƙwadago ta ba mako 12 kacal, wurin aikinta babu inda za ta tatsa balle ta ajiye. Ga waɗannan, madarar jarirai rahama ce, ta ceci rayuka da yawa. Wanda ya ga mace da fida a gidan biki ya yi mata kallon raguwa ko mai gudun zubewar ƙirji, shi ma ya zauna a kotun da muke magana, kujera kawai ya sauya. Addininmu ma da ya ambaci shekara biyu na shayarwa a aya ta 233 ta Suratul Baƙara, a cikin ayar ya ba da damar yaye bisa yarda da shawarar uwa da uba, ya kuma ba da damar a nemi wata ta shayar. Ku duba su wa aka ba shawarar: uwa da uba.

Wadda ta koma madara bisa dalili, abin da take bukata a wurinmu shi ne ilimi da taimako. A sayi ta matakin farko in yaro bai kai wata shida ba, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. A fara zuba ruwa sannan gari, da cokalin da ya zo a gwangwanin, a shafe kansa daidai, kada a ƙara kada a rage. A wanke kwalba da kanta a tafasa, in kuwa hakan zai yi wuya, ƙaramin kofi ya fi fida sauƙin tsaftacewa kuma jariri yana iya sha da shi. Abin da yaro ke bukata a yini da dare kimanin mililita 150 ne ga kowane kilo na nauyinsa. In yana tumbuɗi, a raba wannan adadin ƙanana-ƙanana a ba shi sau da yawa. A riƙe shi a ɗan zaune, a bar shi ya huta a tsakani, in ya kau da kai a ƙyale shi. Kada a jingina masa fida da matashi a tafi aiki. Akwai madara mai kauri da aka yi don masu tumbuɗi, da wata ta musamman ga waɗanda jikinsu ba ya jituwa da ta shanu, amma likita ne zai ce a gwada su. Tsalle daga wannan gwangwani zuwa wancan duk mako ba ya haifar da komai sai asarar kuɗi.

Wadda kuma ke shayarwa ake matsa mata, ga abin da ya kamata a gwada kafin a ambaci kanti. A je awo nas ta kalli yadda yaro ke kama nono, domin kamu marar kyau yana sa shi haɗiyar iska. A ba shi kafin kuka ya yi tsanani. A sa shi gyatsa, a riƙe shi a tsaye a kafaɗa na minti 20 zuwa 30 bayan ya sha. Kada a ɗaure shi tamau da majanyi yana gama sha, kada a yi ta cilla shi sama ana wasa. A nisanta shi da hayaƙin taba. In za a kwantar da shi barci, rigingine ne, ko da yana tumbuɗi. Kwanciyar rub-da-ciki da ake cewa tana hana shaƙewa ita ce aka tabbatar tana ƙara haɗarin mutuwar jarirai a cikin barci. Wadda ma aka riga aka sa ta daina, ba a makara ba, nono yana iya dawowa in yaro ya koma tsotso akai-akai, da taimakon ma'aikatan lafiya.

Kalmarmu ta ƙarshe ga maza ce. Malam, kai ne kaɗai za ka iya rufe wannan kotu ba tare da an yi faɗa ba. Matarka ba za ta iya ce wa Hajiya a'a ba, kai kuwa za ka iya cewa, "Hajiya, a yi haƙuri, bari mu kai shi awo ranar Talata mu ji abin da za su ce." Ba ka yi rashin ladabi ba, ka kuma tsare ɗanka. Kuɗin da za ka zuba a gwangwani, ka ƙara su a cefane mai jego ta ci ta ƙoshi. Ka karɓi yaron ka riƙe shi a kafaɗa bayan ya sha, ita ta ɗan runtsa. In ya ɓata maka riga, a wanke.

Iyayenmu mata kuma, don Allah in kun shiga barka ku riƙa tambayar mai jego ko ta ci abinci, ko ta yi barci, ko an kai yaro awo. Hukunci a kan nononta ku bar wa sikeli. Ma'aikatan lafiyar da ke cikin wannan zaure, fili naku ne, ku ƙara mana haske. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba masu jego lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.